Yadda zaka kare ƙodarka idan za a saka maka ruwan hoto a jijiya

Ranar da aka rubuta wa mahaifinmu hoton CT na ciki, a jikin takardar an sa cewa da ruwan allura za a yi, ni a lokacin wallahi ban ma san akwai bambanci tsakanin mai ruwa da mara ruwa ba, na ɗauka duk abu ɗaya ne. Baba yana da suga shekara da shekaru, ga hawan jini, ga gwiwa da take damunsa kullum sai ya sha dikilofenak kafin ya iya miƙewa, kuma kwana biyu kafin hoton ya yi ta amai ko ruwa baya zama masa a ciki. Babu wanda ya tambaye mu ko ɗaya a cikin waɗannan, mu kuma bamu san abin faɗa bane. Ina hangensa ta gilashi aka kwantar dashi, aka haɗa kanular hannunsa da wata na'ura mai manyan sirinji biyu, da ya fito yake ce min "kai, jikina duk sai da ya ɗau zafi, har na ɗauka fitsari na saki", ma'aikacin ya ce "Baba kada ka damu, haka yake yi wa kowa", kuma gaskiyarsa, wannan ɗumin ba komai bane. A kwana na uku ne fitsarinsa ya ragu ƙafa ta fara hawa, aka ɗebi jini aka ce ƙoda ta taɓu. Alhamdulillahi ta dawo cikin kusan sati biyu ba a kai ga wankin ƙoda ba. Likitan da ya duba shi daga baya ya ce min ba lallai ruwan hoton shi kaɗai ya yi ɓarnar ba, ya zo ne ya tarar da ƙodar ta riga ta galabaita, ga ƙishirwa ga maganin gwiwa ga suga, sai ya ƙarasa. Wannan maganar ce ta sa na zauna na bi abin daki daki, don duk abubuwan nan uku da mun sani da mun gyara su kafin ranar.

Da farko a san wane ruwa ake magana, don ba ɗaya bane. Wanda ake saka wa a jijiya don CT ko don duba jijiyoyin zuciya mai sinadarin aidin ne, likitoci suna ce masa kontiras, a jikin kwalba zaka ga sunaye irin su Omnipaque, Ultravist ko Visipaque, shi ne wanda ake wa ƙoda tsoro dashi. Na MRI daban ne, gadoliniyam ne, zan zo kansa. Farin nan mai kauri da ake ba mutum ya sha don duba maƙogwaro da hanji, wato bariyam, shi ta hanji yake wucewa ya fita baya bi ta ƙoda. Wanda kuma ake sawa wani lokaci a sikanin na altarasawun 'yan ƙananan kumfa ne na iska, ta huhu suke fita. Toh in an ce maka "da kontiras za a yi" tambayarka ta farko ita ce, wanne, kuma a jijiya ne ko sha zan yi.

Abin da yake yi wa ƙoda

Na ga in mutum bai gane wannan ɓangaren ba duk shawarwarin sai su zama masa kamar hadda, shi yasa zan ɗan jima a nan. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, ana ce musu nefron, kowanne da rariya a sama sannan dogon siririn bututu a ƙasa. A rana guda ƙodojin nan biyu suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, amma fitsarin da kake yi bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, saboda ƙwayoyin da suke shimfiɗe a bangon bututun suna tsotse kusan kashi 99 cikin ɗari su mayar jiki. Na farko, shi ruwan aidin yana ratsa rariyar ya shiga bututu amma ƙwayoyin basa mayar dashi, kenan yana tafiya ana janye ruwan da ke tare dashi shi kuma yana ƙara kauri, abin da ya shiga a tsinke kafin ya kai ƙarshen bututu ya zama mai danƙo. In ka taɓa ganin ɗigonsa ya zuba ya bushe zaka ji yana manne wa yatsa, shi yasa ma wasu wuraren suke ɗumama kwalbar zuwa zafin jiki, digiri 37, kafin a saka, don ya ɗan saki. Toh mutumin da dama jikinsa a bushe yake ƙodarsa tana ƙoƙarin riƙe kowane ɗigo, sai ta ƙara matse ruwan, kaurin ya ƙaru, tafiyarsa ta ragu, ya daɗe yana gogar ƙwayoyin bango. A lafiyayyar ƙoda rabinsa yana fita cikin kamar awa biyu, kusan duka cikin kwana ɗaya, a mai rauni kuwa yana iya jan kwanaki.

Na biyu maganar jini ce. Ƙoda tana samun kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya take turawa, amma rabon ba daidai yake ba, ɓangaren waje ne yake kwashe kusan duka, can cikin tsakiya da ake ce wa medula kamar kashi ɗaya cikin goma kawai yake samu, alhali a nan ne ake aikin ƙarfi na janye gishiri, aikin da yake cin iskar oksijin sosai. Wato ko a ranar lafiya wurin nan da ƙyar yake numfashi. Da ruwan aidin ya iso sai jijiyoyin su ɗan buɗe na ɗan lokaci sannan su tsuke na awanni, sinadaran da ke matse jijiya irin su endotelin da adenosin su ƙaru, wanda ke buɗewa wato naitirik okzayid ya ragu, shi kansa jinin da ke bin siraran jijiyoyin ya yi kauri, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Abin da ke ɗan riƙe ƙofa a buɗe a irin wannan lokacin wasu sinadarai ne da ƙodar take haɗawa da kanta, furostagilandin, kuma su ne daidai abin da dikilofenak da ibufurofen suke kashewa. Ka ga abin da ya faru da Baba kenan.

Na uku, ruwan yana taɓa ƙwayoyin kai tsaye. Ƙwayoyin farkon bututu suna haɗiye kaɗan daga cikinsa, in aka duba su a madubin likita sai a ga sun cika da 'yan ƙurajen ruwa a ciki, 'yan injinan da ke samar musu ƙarfi, mitokondiriya, suna raunana, wasu miyagun ɓurɓushin oksijin suna taruwa suna ƙona bangon ƙwayar, in abin ya yi yawa sai ƙwayar ta kunna tsarin kashe kanta. Matattun su ɓanɓaro su faɗa cikin bututu su haɗu da wani furotin mai yauƙi su toshe hanya, matsi ya koma baya har rariyar ta rage tacewa. Tun 1954 aka rubuta rahoton wani mai ciwon dajin ɓargo, miyeloma, da fitsarinsa ya tsaya bayan an yi masa hoto da ruwan aidin a jijiya, don su masu wannan ciwon dama bututansu cike suke da furotin. Abin da Allah ya taimaka dashi shi ne ƙwayoyin bututu suna sake tsirowa, shi yasa galibi ƙodar take dawowa cikin sati ɗaya zuwa biyu. Matsalar tana ga wanda matatansa dama sun ragu, ko suga ko hawan jini ya cinye rabi, ruwan da miliyan biyu za su raba sai ya sauka kan 'yan kaɗan, kowanne ya ɗau kaya fiye da ƙarfinsa.

Amma fa kada wannan bayanin ya tsorata ka fiye da kima. Ruwan da ake amfani dashi da can ƙarfin jan ruwansa ya ninka na jini sau biyar zuwa sama, shi ne ya ɓata wa abin suna, wani likitan hoto ɗan Suwidin mai suna Torsten Almén ne ya kawo dabarar sabon samfuri tun ƙarshen shekarun 1960, na yanzu ninki biyu zuwa uku ne, Visipaque ma daidai yake da jini sai dai ya fi kauri. Sannan da aka zo ana kwatanta marasa lafiyar da aka yi wa CT da ruwa da waɗanda aka yi wa babu ruwa sai aka ga duka ɓangarorin ana samun masu taɓuwar ƙoda, don ciwon da ya kawo mutum asibiti shi kansa yana taɓa ta. A 2020 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar ƙoda ta ƙasar suka fitar da matsaya tare cewa an daɗe ana kambama haɗarin, yana nan amma ya taru ne a kan wasu mutane ƙalilan. Aikinka shi ne ka gano ko kai ko naka yana cikinsu.

Lambar da zaka nema kafin ranar

Gwajin jini ne mai sauƙi, kiriyatinin, daga shi ake lissafo wata lamba da ake rubutawa eGFR a takarda, ita ce take nuna yawan abin da ƙodarka take tacewa. Ka nemi wannan lambar da bakinka, kada ka tsaya a "ƙodarka ba matsala". In 45 ce zuwa sama, a CT na jijiyar hannu haɗarin kusan babu. Tsakanin 30 da 44 kaɗan ne, likita zai duba sauran abubuwan da ke tare da kai. Ƙasa da 30, ko kuma ƙodar tana cikin sabon rauni a yanzu kiriyatinin yana hawa, nan ne ake tsayawa a yi shiri na musamman. Abu ɗaya da nake so a lura dashi, kiriyatinin daga tsoka yake fitowa, tsohuwa siririya mara nama zata iya samun kiriyatinin mai kyau a ido alhali ƙodarta ta yi rauni, shi yasa eGFR da yake sa shekaru a lissafi ya fi. Kuma ɗakunan gwaji ba ma'auni ɗaya suke amfani dashi ba, a kiriyatinin wani zai rubuta 1.0 wani ya rubuta 88 duk abu ɗaya ne, na farko miligiram ne na biyu maikiromol, kada ka kwatanta takardu biyu ka firgita a banza.

Ba kowa ne sai ya yi gwajin ba, matashi lafiyayye da bashi da tarihin komai galibi ba a buƙata. Amma in akwai ciwon ƙoda ko an taɓa yi maka aiki a kanta, ko suga, ko hawan jini da ake sha wa magani, ciwon zuciya, an taɓa ganin furotin a fitsari, ko shekaru sun ja, toh a yi. Kuma ya zama na kusa, in jikinka a daidai yake na wata ɗaya zuwa uku yana yi gwargwadon ƙa'idar asibitin, in kuwa kwance kake ko ka yi rashin lafiya kwanan nan sai na cikin satin, gwajin bara baya gaya wa kowa halin yau. Mai ƙoda ɗaya ma lambar ce abin dubawa, in ɗayar tana aiki da kyau shikenan.

Sai ka buɗe baki ka faɗi komai ko ba a tambaye ka ba, matambayi baya ɓata, mai faɗa ma haka. "Likita, kwana biyu ina gudawa", "Sista, Baba bai iya shan ruwa ba tun jiya", "an saka min irin wannan ruwan shekaranjiya a wani wuri", duk waɗannan suna iya sa a ɗaga hoton kwana ɗaya ko biyu in ba na gaggawa bane, ko a fara ƙarin ruwa. Maimaita ruwan kusa kusa yana cikin abin da ake gudu, mai raunin ƙoda ana so a bar aƙalla awa 48 tsakani in hali ya yi.

Magunguna

Ka zuba duk abin da kake sha a leda ka tafi dashi, kwalin da kansa, don suna yana ruɗarwa. Masu kashe raɗaɗi irin ibufurofen, dikilofenak da nafurokzen, waɗanda mutane suke saya da kansu basa ma lissafa su a magani, in ƙodarka mai rauni ce a ajiye su kwana ɗaya zuwa biyu kafin hoton da kwana biyu bayansa, in ciwo ya matsa farasitamol baya yi wa ƙoda irin wannan. Allurar jentamaisin, amfoterisin da wasu magungunan daji irin sisfilatin su ma suna taɓa bututan, waɗannan likita ne zai tsara lokacinsu. Haɗe haɗen ganye da saiwa da ba a san abin da ke ciki ba, a faɗe su kuma a ajiye su a kwanakin nan. Maganin sa fitsari irin Lasix da magungunan hawan jini irin lisinofiril da losatan kada ka tsayar da kanka, wani likitan zai ce a tsallake na ranar wani ya ce a ci gaba, ya danganta da zuciyarka da lambarka.

Metfomin na masu suga ana yawan fahimtarsa a baibai. Shi baya cutar da ƙoda, amma ta ƙoda yake fita, in ta tsaya bayan hoton sai ya taru a jini ya kawo tsamin jini mai haɗari, abu ne da ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru yana kisa. Shi yasa in lambar ta yi ƙasa, ko ƙoda tana cikin sabon rauni, ko ta jijiyar da ke fitowa daga zuciya za a saka ruwan, ake cewa a dakatar dashi daga lokacin hoton har awa 48, a sake gwada jini sannan a koma. Ƙa'idar ta ɗan bambanta, wasu daga ƙasa da 30 suke tsayarwa wasu tun daga ƙasa da 60, ka bi ta likitanka, kuma ka tambaya me zaka yi da sugarka a kwana biyun.

Ruwa

Duk cikin dabarun da aka gwada, ruwa ne kawai ya tsaya da ƙafarsa, kuma in ka tuna maganar kaurin nan zaka ga dalili, ruwa yana tsinka shi ya kore shi da wuri ya kuma rage tsukewar jijiya. In lambarka mai kyau ce abin da ake so kawai kada ka je a bushe, ka sha ruwa kamar yadda ka saba ko ka ɗan ƙara daga jajiberen ranar har kwana ɗaya bayanta, fitsarinka ya zama fari fari ba ja ba. A nan ne mutane da yawa suke cutar kansu, a ce musu "kada ka ci komai" sai su haɗa har da ruwa su yi awa goma sha biyu babu ko kurɓi. Ka tambaya takamaimai, "har da ruwa?", galibi farin ruwa ba a hana shi sai in za a sa maka maganin barci ko aiki zai biyo baya.

In lambar ƙasa da 30 ce kuma ba a kan wankin ƙoda kake ba, ruwan baki bai isa ba, dirip ake sawa na ruwan gishiri mai kashi 0.9, ana farawa aƙalla awa ɗaya kafin hoton a ci gaba awa uku zuwa goma sha biyu bayansa, wasu kuma suna bi a hankali tun awa goma sha biyu kafin, kamar mililita ɗaya kan kowane kilo na nauyinka a awa, mai kilo 70 zai samu 70 a awa kenan. Amma ba kowa ake ɗurawa ba, mai raunin zuciya ko wanda jikinsa ya kumbura ruwa zai iya taruwa masa a huhu. A 2017 aka fitar da wani bincike da aka yi a Mastirik ta ƙasar Holan kan mutum 660 masu lamba tsakanin 30 da 59, rabi aka musu dirip rabi ba a yi ba, taɓuwar ƙoda ta zo kusan ɗaya, sai ma wasu cikin masu dirip ɗin suka samu matsala daga ruwan. Saboda haka in lambarka 50 ce aka ce ba sai an maka ƙarin ruwa ba, ba sakaci bane. Haka wani magani mai suna asetilsistin da ruwan baikabonet da aka daɗe ana bayarwa don kare ƙoda, wani babban bincike mai suna PRESERVE da ya fito a 2018 kan mutum wajen 5,000 ya nuna basu fi ruwan gishiri zalla ba. Wankin ƙoda nan take bayan hoto don a cire ruwan shi ma baya karewa, kafin a haɗa na'ura ruwan ya riga ya ratsa ƙodar. Wanda dama yake kan wanki baya fitsari kuwa ba sai an sauya masa jadawali ba.

In kana cikin masu haɗari akwai tambayoyi biyu da ya dace ka yi cikin ladabi, ko wani hoton zai iya ba da amsar, kamar sikanin ko CT mara ruwa, don tsakuwar ƙoda misali ba a buƙatar ruwa a gan ta, sannan ko za a iya rage adadin. CT yakan ci tsakanin mililita 50 zuwa 150. Duba jijiyoyin zuciya da saka musu ƙarfe ya fi haɗari, saboda ruwan yakan fi yawa, yana isa ƙoda da ƙarfinsa, wayar da ake zurawa cikin jijiya kuma tana iya ɓanɓaro ɓurɓushin kitse daga bangon jijiya ya je ya toshe 'yan jijiyoyin ƙoda, ga shi masu zuwa wannan aikin dama zuciyarsu ba daidai take ba. Likitocin zuciya da yawa suna ƙoƙarin kada adadin ruwan ya wuce ninki uku na lambar eGFR ɗin mutum.

Ranar hoton ɗumi a jiki, ɗanɗanon ƙarfe a baki da jin kamar fitsari ya zubo duk suna wucewa cikin minti ɗaya ko biyu, basu da alaƙa da ƙoda. Ƙaiƙayi, ƙuraje, kumburin leɓe ko toshewar numfashi wannan borin jini ne, matsala ce daban, ka faɗa nan take, in kuma ya taɓa faruwa da kai a baya ka sanar tun kafin a fara. Haka in wurin kanular ya ɗau zafi yana kumbura lokacin da ake turawa, ruwan ya fita daga jijiya kenan, a tsayar.

Bayan an gama

Nan ne abin yake da ruɗi, don Baba ya nuna alama amma yawancin mutane basa nunawa, fitsari yana zuwa daidai, babu ciwo babu komai, a jini kawai ake gani. Kiriyatinin yana fara hawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana uku da biyar, sannan ya sauko. Toh in kana cikin masu haɗari ka koma a sake gwajin tsakanin awa 48 da 72, kada a yi washegari da safe a ce lafiya lau, ya yi wuri. Ka riƙe takardar farko ka ajiye su gefe da gefe, in kiriyatinin ya ƙaru da 0.3 cikin awa 48, wato kamar 26 a ɗaya ma'aunin, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na farko cikin sati, wannan shi ne ma'aunin da ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, KDIGO, ta sa a 2012 na sabon raunin ƙoda, a nuna wa likita ranar. Babu wani maganin da yake wanke shi, abin da ake yi shi ne a daidaita ruwan jiki, a janye duk abin da ke ƙara wa ƙoda nauyi, a rage ƙarfin magungunan da ta ita suke fita, a sa ido kan sinadarin fotashiyam don in ya hau yana rikita bugun zuciya, a ba ƙwayoyin lokaci su sake tsirowa. Kaɗan ne ƙwarai suke kaiwa ga wanki, su ma galibi waɗanda ƙodarsu dama ta yi nisa ne. In kuwa fitsari ya ragu sosai, kamar bai kai rabin lita ba a yini da kwana, ko ƙafa da fuska suna kumbura, numfashi yana sama sama, tashin zuciya ya ƙi tsayawa ko mutum ya fara ruɗewa, kada a jira ranar gwaji.

Na MRI a taƙaice, gadoliniyam a adadin da ake bayarwa ba kasafai yake raunata ƙoda ba, matsalarsa in ƙodar ta riga ta lalace ne ya daɗe a jiki, a 2006 aka gano alaƙarsa da wani ciwo da fata take kauri ta ƙandare har gaɓoɓi su ƙi lanƙwasuwa. Tsofaffin samfura ne suka fi jawo shi, a 2017 hukumar magunguna ta Turai ta dakatar da wasu irin Omniscan, waɗanda ake amfani dasu yanzu kamar Dotarem, Gadovist da ProHance haɗarinsu ƙanƙani ne ƙwarai ko ga mai lamba ƙasa da 30. In kai mai ciwon ƙoda ne ka tambayi sunan wanda za a saka maka.

Abin da nake roƙo shi ne kada wani ya karanta wannan ya je ya ƙi hoton da ake buƙata, a yi gudun gara a tadda zago. In mutum ya yi hatsari ana zargin jini yana zuba a ciki, ko shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ko gudan jini ya toshe huhu, ko jijiyar zuciya ce ta toshe ake so a buɗe ta, ba a jiran sakamakon kiriyatinin kuma daidai ne kada a jira, ƙoda tana iya farfaɗowa cikin sati biyu amma naman zuciya ko ƙwaƙwalwa da ya mutu baya dawowa. Haka mai ciwon daji da ake bibiya, hoto mara ruwa yana iya ɓoye ƙari a hanta. Bayan shekara guda an sake rubuta wa Baba irin wannan hoton, lambarsa a lokacin tana ƙasa kaɗan da 45, muka je da takardar gwaji ta satin da ledar magunguna, aka ajiye maganin gwiwa kwana biyu kafin, aka tsayar da metfomin, ya sha ruwansa har safiyar ranar, a kwana na uku muka koma aka ɗebi jini, kiriyatinin ɗinsa yana nan inda yake, washegari ya koma kan metfomin ɗinsa.